Ya Yi Ƙarfi

Da Malam Dawuda ya san abin da sifirin ɗin kulocin mota guda shida za su jawo masa, da ya bar su a kan kantar wani Balarabe Bahadrame mai sayar da kayan mota a unguwar Jarwal ta Makka, ya koma gida hannu rabbana. Amma ya saye su, ya ƙulle a ƙyalle tare da sabon faifan kuloci, ya taho unguwarsu ta Misfala yana jin ya sayo wa ɗansa kwanciyar hankali. Saura kwana goma a tsaya Arfa, a shekarar 1384 ta Hijira.

Dawuda bakanike ne, Bakano, yana da 'yar rumfar kwano a gindin dutse inda yake gyaran motocin da masu su ba sa son kai su babban gareji. A Sudan ya koyi aikin, a jikin manyan motocin da ke ɗaukar ƙaro, lokacin da shi da matarsa da yayarsa Hajara suka yi shekara shida a hanya kafin su ga Ka'aba. Da suka gama hajji ba su koma ba. Ba su kuma je ofishin kowa ba, don Dawuda ya ji ana cewa wanda ya kai kansa a rubuta shi, shi ake fara sakawa a jirgin ruwa. A haka aka haifi Mukhtaru, a haka uwarsa ta rasu, a haka Hajara ta raine shi har ya kai shekara ashirin da uku, ba shi da takardar zama, ba shi da ruksa ta tuƙi. Bai taɓa ganin Kano ba. Larabcin Makka ya fi zama a bakinsa, Hausa kuwa sai ya ɗan tsaya ya nemo kalma.

Mukhtaru ɗan fari ne, saboda haka Dawuda bai taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" yake cewa. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa haɗa ido. In uban yana da magana, Hajara yake gaya wa, in ɗan yana da amsa, ta bakinta take dawowa. Haka aka yi wa Dawuda a gidansu, bai kuma ga dalilin da ƙetare teku zai canja kunya ba.

Da can Mukhtaru leburanci yake yi a aikin faɗaɗa Harami, har ya faɗo daga kan katako ya bugu a gwiwar hagu. Ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi, wani muɗawwifi, cikin masu kula da alhazai, ya ba shi tuƙin wanet ɗinsa, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, yana kai tantuna da shinkafa da garewanin ruwa Mina da Arfa. Mai motar ya san babu ruksa, ya kau da kai. Dawuda kuwa ya ɗauka ƙafar ta warke sarai, don duk lokacin da yaron zai wuce ta gabansa, a miƙe yake wucewa.

Tsoron Dawuda ɗaya ne, kada motar ta tsaya a hanya. Motar da ke tafiya ba mai kallon direbanta. Wadda ta tsaya ta tare hanya ita askar, wato ɗan sanda, ke zuwa wa, kuma abin da zai fara tambaya takarda ce. A hajjin bara kulocin ya ƙone kusa da Muzdalifa, hayaƙi ya tashi, wani askar har ya nufo su, sai Allah ya kawo wasu alhazai suka tura motar gefe. Tun da Dawuda ya ji wannan labari duk lokacin da ya ji warin ƙonannen kuloci sai ya tuna da askar ɗin nan, ko da a motar wani ne.

Don haka bana ya ce zai saka abin da ba zai ƙone ba. Suka sauke giya shi da Zali, Bazazzagi mai facin taya a rumfar da ke kusa, abokin wasansa tun a Sawakin, can bakin teku a Sudan. Tsohon faifan ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna sheƙi. Dawuda ya saka sabon, mai kauri, ba na kamfanin motar ba. Sannan ya buɗe murfin da ke danne faifan, ya cire sifirin ɗinsa na asali masu laushi, ya ɗauko na babbar mota guda shidan nan. Sai da suka sa ƙarfe suka danne su biyu kafin noti ya kama.

Zali ya share gumi ya ce shi dai bai taɓa ganin an ɗaura wa jaki sirdin raƙumi ba, amma Bakano in ya ga abu babba ba ya iya barinsa a kasuwa. Dawuda ya ce mutumin da duk iliminsa bai wuce tofa miyau a kan tayar da ta huje ba, ai sai ya riƙe fitila ya yi shiru.

Ya kwanta ƙarƙashin motar ya daidaita sandar da ke haɗa mataki da kulocin, yana juya noti rabi-rabi, yana fitowa ya taɓa matakin da hannu, har wasan matakin ya tsaya daidai faɗin yatsa biyu. Da la'asar ya loda duwatsu a bayan motar, ya hau da ita gangaren da ya fi kowanne tsayi a unguwar. Ta hau ba ta zame ba, ba wari, ba hayaƙi. Matakin ya yi tauri, ya ji, amma ƙafar da ta tako daga Kano zuwa bakin teku ba ta ɗauki wannan komai ba. Gwajin duka bai wuce minti goma ba.

Mukhtaru ya yi kwana uku yana jigilar tantuna. A rana ta huɗu Dawuda ya sami Hajara tana suyar gyaɗar da take sayarwa a bakin hanya, ya tsaya kamar wucewa yake yi, ya tambaya ko wancan ya ce wani abu game da motar.

"Ya ce dabriyaj ɗin nan naka *gawi marra*," in ji ta, tana juya gyaɗa cikin yashi. "Wato kulocin. Ya yi ƙarfi, in ji shi."

Dawuda ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya je ya gaya wa Zali cewa direba da kansa ya yaba. Zali ya ce ƙarfi ai iri biyu ne, akwai na yabo akwai na kuka, tuwo ma in an ce ya yi ƙarfi ba godiya ake yi wa mai tuƙi ba. Dawuda ya ce hassada ce irin ta mutanen Zazzau.

Ranar takwas ga wata, ranar fita Mina, bayan sallar asuba, Mukhtaru ya zo ɗaukar motar. An loda ta har ta zauna a kan tayoyinta. Dawuda yana duba ruwan lagireto, sai ya ji yaron ya tsaya a bayansa, bai shiga mota ba. Ya daɗe a tsaye.

"Baba," ya ce.

Dawuda bai juyo ba. Ya rufe murfin injin, ya yi magana yana kallon ƙarfen. "A tafi da Allah. Kada a tsaya a hanya, ko me aka gani."

"Ɗayyib," in ji Mukhtaru, wato to, ya shiga ya tayar.

Sauran labarin daga bakin Hadi ya zo, mai dafa wa alhazan muɗawwifin abinci, wanda ya zauna a gaba tare da shi. Da azahar ya iso Misfala a ƙafa, da ƙurar hanya har gira. Ya ce tun daga unguwar Ma'abda motoci suka cushe, a matsa taku biyu a tsaya, a matsa a tsaya, sa'a huɗu ana abu ɗaya. Kowace matsawa sai an taka kuloci an sake shi a hankali. Tun a sa'a ta biyu ya ga Mukhtaru yana danna gwiwarsa da hannun hagu don ƙafar ta iya kai matakin ƙasa. Ya ce masa su ratse gefe ya huta, yaron ya ce an hana shi tsayawa. Da suka kai hawan da ke bakin Mina ƙafar tana rawa kamar ta mai zazzaɓi. Motar gaba ta matsa, Mukhtaru ya fara sakin matakin, sai ƙafar ta ƙwace. Kulocin ya kama gaba ɗaya, wanet ta yi tsalle ta daki bayan bas ɗin alhazai.

Ba wanda ya ji ciwo. Fitilar baya guda ce ta fashe. Askar ya zo, Mukhtaru ya yi masa magana da Larabcin da ba a bambanta shi da na kowane ɗan Makka, har mutumin ya ɗaga hannu zai ce su wuce. Direban bas ɗin ne ya ce shi sai an rubuta masa takarda ya kai wa kamfani, in ba haka ba a wuyansa fitilar za ta zauna. Don a rubuta takardar aka ce Mukhtaru ya kawo ruksa.

Hajara ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da suka watse ta ce wa ƙanenta, ita ta ɗauka ya sani. Kwana tara ke nan kullum tana gasa wa yaron gwiwa da ruwan zafi tana shafa masa man zaitun, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Har ya tambaye ta ko tsofaffin sifirin ɗin suna nan ba a zubar ba. Ta ce masa ya tambayi ubansa, ya ce ai ya riga ya aika.

"Na faɗa maka ya ce ya yi ƙarfi," ta ce. "Da bakin nan na faɗa maka, Dawuda."

Tsofaffin sifirin ɗin suna nan kuwa, a cikin gwangwanin madara a kan kantar rumfa, su shida. Mayar da su aikin yini ɗaya ne.

Ba a sami wanda zai saurari kowa ba sai da alhazai suka gama jifa. Ko a lokacin Dawuda bai iya shiga ofis ba, don shi ma ba shi da abin nunawa. Zali, wanda ya yi takardar zama tun shekarun baya, shi ya riƙa shiga, Dawuda yana tsaye a tsallaken titi yana kallon ƙofa kamar mai jiran wani abu daban. A Makka aka ce duk waɗanda aka kama a kwanakin hajji an wuce da su Jidda. A Jidda aka ce wasu sun tafi a jirgin da ya nufi Sudan, wasu suna tsare har a sami ƙasar da za ta karɓe su. Wani magatakarda a can ya duba ya ce akwai Mukhtar Takruni, wato Mukhtar ɗan Afirka ta Yamma, har uku, ɗaya ya tafi, biyu suna nan, ba a rubuta sunan uba ba, kuma ba a shiga ganinsu. Zali bai sake yi masa ba'a ba tun daga ranar. Wannan ma ya dami Dawuda.

Bayan sati biyu muɗawwifin ya kawo wanet ɗin a gyara mata ƙarfen gaba da ya lotsa. Ya yi jaje a taƙaice, ya ce Allah Karimi ne. Sannan ya ce sabon direbansa ya yi Arfa da Muzdalifa da Mina da ita, kaya har sama, kulocin ko ɗumi bai yi ba. Aiki ya yi kyau, in ji shi, yana da wata motar da yake so a saka mata irinsa.

Da mutumin ya tafi, Dawuda ya shiga motar ya zauna a mazaunin direba. Bai tayar da inji ba. Ya taka kulocin har ƙasa, ya sake shi rabi, ya riƙe, ya sake takawa, kamar yadda ake yi a cunkoso. Ya ƙudura zai yi ta yi daga azahar har a kira la'asar. Inuwar rumfa ba ta matsa taku ɗaya ba cinyarsa ta fara zafi. Kafin Zali ya gama facin taya guda ƙafar tana rawa, tasa, lafiyayya. Ya sauko ya sauke giyar shi kaɗai, ya cire sifirin ɗin babbar motar ya mayar da na asali, ko da yake ba wanda ya sa shi.

Yanzu in jirgin alhazai ya iso, yakan bi masu zuwa ta Sudan yana tambaya ko sun ga wani saurayi mai ɗingishi da ƙafar hagu, mai Hausa kamar ta Balarabe. Yana faɗin sunan a fili, Mukhtaru, har sau biyu in ba a ji ba. Ya aika wasiƙa Kano ga dangin da bai san ko suna da rai ba. Har yau ba a san ko Mukhtaru yana cikin biyun da ke tsare a Jidda ko shi ne wanda ya tafi a jirgi ba, ba a kuma san inda aka sauke shi ba in shi ne.