Gawar da Ta Hau Gulbi

Ni Amadu, shekara tara na yi ina tafinta a biron jandarma na Gaya, tun ba a yi gada ba, bak, babban jirgin fito, ke ƙetarar da mutane zuwa Dahome. Na fassara ƙarya, na fassara gaskiya, kaina bai taɓa juyawa ba sai a kan gawar Cha'ibu mai goro.

Ranar Litinin da safe wani Basarke masunci, Alfari, ya tsinci gawar maƙale a ciyawar burgu kusa da mashigar bak. Lokotoro, wato likita, ya duba, ya ce da abu mai nauyi aka buge shi a ƙeya, kuma ya kwana biyu a ruwa. Ajidan ɗinmu, shugaban biron, wani anasara siriri da muke ce wa Mai Agogo, ya tsaya bakin gulbi ya sa aka jefa ƙwarya a ruwa. Ƙwarya na tafiya, yana duban agogo, yana rubutu a kaye, ɗan littafinsa. Ni da Baraka, gardin da ke riƙe masa bindiga, muka dubi juna. An kashe mutum, shi kuma yana wasa da ƙwarya!

Da ya gama lissafinsa ya ɗora kirayon ɗin da yake rubutu da shi a kan taswira, can sama da Gaya, ya ce daga nan ruwa ya ɗauko gawar. Tungar Giginya ce. Gabana ya faɗi, don a can Siddo yake zaune, yayan matata Balki. Kuma duk kasuwar Gaya ta ji ranar da Cha'ibu ya zagi uwar Siddo a kan jiƙa masa huhun goro a jirgi, Siddo ya rantse sai ya rama. Kafin la'asar Siddo yana kaso.

Mai Agogo ba mugu ba ne, gaskiya. Ya ce mini ba shi da komai a hannu sai faɗan kasuwa da lissafin ƙwarya. In lissafin ya tsaya, ranar Alhamis motar kamiyo za ta kai Siddo Yamai gaban alƙalin anasaru, wanda ya tafi can a kan kisan kai kuwa ba a cika ganin dawowarsa ba. In lissafin ya rushe, zai sake shi.

Balki ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce, "Malam, kai ne bakin anasaran nan, kai ne kunnensa. In aka tafi da yayana kana tsaye, me zan ce wa Inna?"

Me na sani game da gudun ruwa? Washegari na tafi wurin Alfari, na same shi yana gyaran taru. Na ce, "Baba, don Allah, kwana biyu gawa za ta yi daga Tungar Giginya zuwa nan?"

Ya yi dariya har da tari. "Wa ya ce maka ruwa ne ya kawo ta? Kawo ta aka yi. Akwai sawun igiya a ƙafarta, anasaranka bai duba ƙafa ba."

Kai! Na zauna a ƙasa. Sai ya warware mini abin da kowane mai jirgi ya sani, ni ɗan biro ban sani ba. In gawa ta tsaya a mashigarka, hukuma za ta kwashe mazan tungar duka zuwa biro, mako guda ana tambaya, taru na ruɓewa, kifi na wucewa. Ba ka kuma iya tura Musulmi tsakiyar ruwa kadoji su cinye shi. To sai ka ɗaura ta a bayan jirgi da sassafe, ka roƙi gafararta, ka ja ta kusa da Gaya inda za a gan ta a yi mata sutura, ka ajiye a mashigar wani. Shi ma in ya gani haka zai yi.

Na ce, "To daga sama aka jawo ta ko daga ƙasa?"

Ya ce, "Gambo na ƙetare, can ƙasa da mu, za ka tambaya. Shi ya bar mini ita, ɗan banza, na ga jirginsa yana komawa."

Da gudu na koma biro. Sau uku ina yi wa Mai Agogo bayani da Faransanci, yana cewa gawa ba ta hawan gulbi. Na ce wannan ta hau, ranka ya daɗe. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Daga ƙarshe ya yi alkawarin ba zai taɓa wanda ya ja gawar ba, in dai za su faɗi gaskiya.

Laraba da hantsi muka shiga jirgin Alfari, ni da ajidan da Baraka. Muka ƙetara ɓangaren Dahome, ƙasa da Gaya kaɗan. Gambo ya fara rantsuwa bai taɓa ganin gawa ba a rayuwarsa, har sai da Alfari ya ce masa, "Rufa mana baki, an yi alkawari." Sai ya nuna mana gindin wata bishiya inda ya same ta ranar Lahadi, ya ce daga ɓangarenmu aka kawo masa ita, daga ƙasa sosai, kuma ɗaurin igiyar na tsoho Yacuba ne.

Ajidan yana ta zane a taswira, layi ya ƙetara, ya dawo, ya sake ƙetarawa, har takardar ta koma kamar kaza ta yi tono a kai. Ya tambaye ni wace ƙasa muke ciki yanzu. Wallahi ni ma sai da na tambayi Alfari. Amma abu ɗaya ya fito fili: gawar daga ƙasa ta zo, Tungar Giginya kuwa tana sama. Mai Agogo ya ja layi biyu a kan lissafinsa, ya ce, "Amadu, surukinka zai kwana a gida yau."

Daɗi ya kashe ni. Muka haɗu da wani jirgin masu albasa da zai hau Gaya, na ɗaga murya na ce su biya gidana su gaya wa Balki ta ɗora tukunya.

Da azahar muka isa tungar Yacuba, bukka huɗu ce kawai da wurin banda kifi. Tsohon ya amsa ba gardama, ya ce shi ya fara jan gawar, Allah ya yafe masa. Ajidan ya riga ya rufe kaye. Don cika aiki kawai ya ce in tambaye shi a ina ya tsince ta.

Yacuba ya sunkuyar da kai, ya ce a cikin burgu. Matarsa Kadi tana can tana juya kifi a kan wuta, ba wanda ya tambaye ta komai. Sai ta ce cikin harshen Dandanci, ba ta ko waiwayo ba, "Wace tsintuwa? Ajiye mana ita aka yi. Ranar Asabar bayan la'asar ina yankan ciyawa, jirgi ya shigo da mutum biyu, ɗaya na zaune yana ba da baya. Mai tuƙin ya ɗaga filafili ya sauke masa a ƙeya. Siddo ne, ɗan Hawwa ta Tungar Giginya. Na san shi tun yana goye."

Yacuba ya daka mata tsawa. Ta ce, "To ba abin da ya kawo su ke nan ba?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Ajidan ya ce, "Me ta ce?" Na dubi Alfari, ya juya yana kallon ruwa. Na dubi Baraka. Baraka Badande ne, ya ji kowace kalma, kuma ya san na san ya ji. Na fassara, ban rage ko ɗaya ba.

Har muka iso Gaya ban gane abin da ya faru da ni ba. Anasara ya yi lissafin banza ya kama mai laifi. Ni na bi gaskiya tiryan-tiryan don in fid da shi, na je na samo shaidar da babu ita jiya. Mai Agogo har dafa kafaɗata ya yi, wai zai rubuta sunana a rahoto.

Aka fito da Siddo daga kaso, aka karanta masa maganar Kadi, ni na mayar masa da Hausa. Bai musa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Amadu, wa ya aike ka? Ba shi da komai a kaina sai ƙwarya."

Na bi ta bayan kasuwa don in tsawaita hanya, amma gidan bai matsa ba. Tun daga zaure na ji ƙamshin miya. Balki ta yanka zabuwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aika an ɗauko Inna Hawwa, wadda ta sauko Gaya tun da aka kama Siddo, tsohuwar tana zaune da carbi tana sa mini albarka tun ban gama sallama ba. Balki ta taso tana dariya, tana leƙen bayana.

"Malam, ina yayan nawa? Ko ya tsaya wanka ne?"

Na tuɓe takalmina, na jera su a bakin ƙofa, na daɗe ina gyara musu zama.