Katin Inusa

A masana'antar matse man gyaɗa da ke bakin hanyar fita Madarunfa, da can Zakari, shugaban ma'aikata, shi ke rubuta jadawalin aiki da alli a jikin ƙofa: waɗannan safe, waɗannan rana. In mutum ya yi rashi, ko ciwo ya kwantar da shi, wani zai shiga wurinsa, ba wanda ke tambaya. Tambayar ma abin kunya ce, kamar ka leƙa tukunyar maƙwabci.

Sai masu wurin, da ke zaune Maraɗi, suka kawo manhaja. Ita ke raba aiki yanzu. Takan aika wa kowa saƙo da Faransanci a salularsa, kowa kuma ya goga katinsa a bakin ƙofa kafin ya shiga. Wanda ya yi fashi uku, katinsa ya mutu, aikinsa ya bi shi. Ma'aikata suka sa mata suna Kurma, don faɗa kawai take yi, ba ta ji. Zakari kuwa ya koma mai gadin ordinater, wato kwamfuta, sai ya yi sati bai taka ɗakin injin ba.

Shekara tara Ɗanlami ya yi yana zuba gyaɗa a bakin injin. Bana gero bai yi ba a gonarsa, saboda haka bakuna shida na gidansa wannan aikin suke kallo. Yana da sirri guda: bai iya karatun boko ba. Inusa kaɗai ya sani, abokin aikinsa da ya girme shi. In saƙo ya shigo, sai ya miƙa masa salula kamar zai nuna masa hoto, Inusa ya duba, ya raɗa masa safe ko rana.

Ran wata Asabar ƙaba ta murɗe wa Inusa, aka kwashe shi zuwa Maraɗi don a yi masa aiki. Kafin a sa shi mota ya damƙa wa Ɗanlami katinsa. Ba sai ya yi bayani ba. Kowa ya ga abin da ya sami Gambo, wanda ya kai takardar likita bisa ƙa'ida: Kurma ta cire sunansa ta sa wani, da ya warke ya tarar babu gurbi.

Inusa na safe ne, Ɗanlami na rana. Don haka Ɗanlami ya riƙa shiga da safe da katin Inusa, da azahar ya fito ya yi salla, ya koma da nasa. Gida yake isa ƙafafunsa a kumbure. Matarsa Hafsatu ta dafa masa ruwa ta gasa masa, tana mita ƙasa-ƙasa cewa zumunci bai ce mutum ya kashe kansa ba.

Bayan sati guda, ran Lahadi da yamma, salularsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallon baƙaƙen. Ya yi tunanin kai wa wani cikin abokan aiki, sai kunya ta riƙe shi. Da furfurarsa a gemu, a ji shekara da shekaru karanta masa ake yi? Ya ce a ransa wata biyu ke nan ba a canja shi ba, mai yiwuwa wannan ma haka ne. Ya mai da salula aljihu. Rashin sani ya fi dare duhu: saƙon cewa yake an mai da shi safe daga Litinin.

Litinin, Talata, Laraba, da safe yana ciki da sunan Inusa, Kurma kuma tana rubuta wa Ɗanlami fashi. Da rana ƙofa ta buɗe masa, amma lokacin ba nasa ba ne, ba a lissafa shi. Masu aikin rana sun gan shi, sun san babu shi a cikinsu wannan satin. Sai suka ɗauka wani yake rufa wa asiri, suka kau da kai yadda aka saba.

Ran Alhamis da azahar ya goga katinsa, jar fitila ta kama. Ya goge shi da gefen riga ya sake. Ja.

Zakari ya kira shi biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya juyo masa allon ordinater kamar zai gane abin da ke kai. Ya bayyana masa komai a hankali, bai ɗaga murya ba. Tausayi ne fal idonsa, kuma tausayin ya fi yi wa Ɗanlami ciwo a kan faɗa.

"Ɗanlami, ni ma ɗan garin ga na," in ji Zakari. "Na san wa ka shigowa da sahe. In ka yarda in rubuta ma Maraɗi gaskiya, sunanka shi dawo, na Inusa shi hita. Mutum guda na a ɗakin injin, sunaye biyu. Ba su barin biyun."

Gaba kura, baya sayaki. Ɗanlami ya dubi hannuwansa, man gyaɗa na ƙyalli a tsakanin yatsu. Ya tuna rumbunsa da ake jin ƙasansa in an zura hannu. Ya tuna Inusa kwance da ɗinki a ciki. Tsoro ya kama shi, na gaske.

"Shef," ya ce, "Inusa ya zo aiki. Ni na ban zo ba."

Zakari bai musa ba. Ya karɓi mataccen katin ya sa a aljihun tebur, na Inusa kuwa bai tambaya ba.

Yana kan hanyar gida, yana juya yadda zai faɗa wa Hafsatu, salula ta yi ƙara. Inusa ne, murya a shaƙe. Ya yi godiya ya yi addu'a, ya ce likita ya ce sai ya ƙara sati biyu. Sannan ya tambayi ko Ɗanlami zai iya ci gaba da riƙe masa gurbin, in bai yi masa nauyi da nasa aikin ba.

Ɗanlami ya tsaya a gefen hanya har wata amalanke ta wuce.

"Kwanta ka huta, Yaya," ya ce. "Yanzu ma na hi samun lokaci."