Jikan Ubale Bagaruwa

Duk motar da ta ratsa Gagarawa Tasha da rubutun BAGARUWA a goshinta sai ta ɓata wa Malam Sallau yini. Yana zaune a rumfar mai shayi zai bi ta da harara har ta ɓace, sannan ya ja tsaki. Kishi ne ke cinsa, kuma shi kansa ya sani.

Sunan nan fa na kakansa ne. Ubale ake ce masa, majemi ne da ya sauko daga Damagaram da jaki ɗaya da buhun bagaruwa, wadda ake jeme fata da ita. Kullum yana cikin dakanta da jiƙa ta, har mutanen gari suka manta da Ubale, sai dai Bagaruwa. Kaf ƙasar Gumel babu gidan da ake kira haka sai nasu.

To, da aka kai Sallau makaranta a Gumel sai yara suka sa shi a gaba. Ana kiran sunan sai su toshe hanci, wai warin jima. Yaro ya ji haushi, ya yar da sunan, ya koma Sallau Gagarawa. Wa zai tsinta? Barau! Barau mutumin Sule Tankarkar, baran gidansu, wanda aka kawo koyon sana'a yana kwana a zaure. Shi ya ci gaba da amsa Barau na Bagaruwa, ya shiga sayen fata a kasuwar Maigatari, Allah ya buɗa masa. Yau ga 'ya'yansa da jikokinsa a Gumel, a Kano, har da tsallaken iyaka, kowanne Bagaruwa. Jikan jini kuwa ko kare bai san shi da sunan ba.

Da aka yi wa Alhaji Barau sabon jika, Sallau ya sha alwashin ranar suna sai an faɗi gaskiya a bainar jama'a. Ya sa babbar rigarsa, ɗansa Abdulfatah, wanda ya gama karatu yana zaman jiran aiki, ya goya shi a babur zuwa Maigatari. Suna isa ya janye Kyauta maroƙi gefe, ya cire hular da yake ji da ita ya danƙa masa.

"In an raɗa suna ka zo kan asali, ka faɗi wane ne jini, wane ne bara. Kar ka rage komai."

Kyauta bai rage ba. Ana shafa addu'a ya ɗaga murya: "Jama'a, ga Sallau jikan Ubale Bagaruwa! Shi ne jini, a gidansu aka reni Alhaji!"

Kowa ya juya yana kallon Alhaji. Zuciyar Sallau ta yi fari ƙal, yana jira ya ga Barau ya sunkuyar da kai. Ina! Sai ga Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya ratso mutane, ya durƙusa a gabansa yana hawaye.

"Wallahi gaskiya ya faɗa. Wannan ɗan ubangidana ne. Tuwon gidansu na ci na zama mutum."

Nan fa aka ɗau kabbara. Amma wa ake yabo? Barau. Kowa sai cewa yake kai, Alhaji akwai sanin ya kamata, dubi yadda bai manta da talakawan gidansu ba. Wani ma ya dafa kafaɗar Sallau ya ce, "Ashe kai ma ɗan'uwan Alhaji ne? Ka ji daɗinka." Sallau ya ji kamar ya shaƙe shi. Naman da aka ajiye masa ko kallo bai yi ba.

A hanyar komawa, sai da suka wuce Gumel Abdulfatah ya rage gudu, ya ɗan waiwayo, murya cike da murna.

"Baba, albishirinka. Alhaji ya ce in fara aiki a wajensa. Na kuma roƙe shi alfarma, in riƙa amsa Abdulfatah Bagaruwa, don sunan yana buɗe ƙofa. Ya ce ya ba ni izini."

"Ya ba ka me?"

"Izini, Baba."

"Tsaya," in ji Sallau. "Sauke ni nan."

Ya sauka a bakin titi, kai babu hula, rana na dukansa, ya kama hanyar Gagarawa da ƙafa.