Kumatun da Asabe ta Ɓoye

A Birnin Tsaba akwai wata baiwar Allah, Asabe mai ƙuli-ƙuli, wadda ta yi wata biyu ba ta ɗanɗana abin da take soyawa ba. Haƙori ne, na can ƙurya. Da fari tsami yake yi in ta sha ruwan randa, daga baya ya koma zogi kamar ana daka a cikin kunnenta. Ta cusa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, duk a banza. Ranar da nake ba ku labari, ta wayi gari kumatun hagu ya tasa, har idon ya fara ƙanƙancewa.

Ba zogin ne ya fi tsorata ta ba. Yayarta Gimbiya haka ta fara. Aka kai ta wurin wani mai cire haƙori ranar kasuwa, ya sa awartaki, haƙori ya karye, saiwa ta rage a ciki. Kumburi ya gangara wuya, ruwa ya daina wucewa, kwana shida aka yi mata sutura. Asabe ce ta riƙe mata kai a ranar cirewar, kuma har yau ƙarar karyewar nan ba ta bar kunnenta ba.

Da hantsi sai ga sallamar ɗanta Kamaluddeen, direba a tashar Kaura Namoda, da matarsa Rahama. To, Kamaluddeen ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari a wurin matan da. Shekara talatin da huɗu Asabe ba ta taɓa kama sunansa ba, “mai mota” take cewa. Balle ta buɗe baki ta kai masa kukan ciwo! Maza ta jawo hijabi, ta zauna ta ba bango kumatun.

Bayan gaisuwa ya zaro takarda daga aljihu.

“Inna, ƙungiyarmu ta direbobi ta shiga inshorar lahiya. Kowa zai sa iyalinai da mahaifi guda, ni ke na sa. Tsari biyu ne. Ƙaramin ya ɗauki zazzaɓi da hawan jini da awon ciki. Babban ya haɗa da ido da haƙori, sai dai abin da za a riƙa cira duk wata ya hi yawa. Yau za a rufe karɓa kahin la’asar, kuma abin da mutum ya zaɓa ba canji sai baɗi.”

Rahama ta tuntsire da dariya. “Haƙori? Inna da ke tauna ƙuli kamar budurwa? Ai mu za mu riga ta giɓi.”

“Abin da na ce ke nan,” in ji shi. “Ƙaramin ya ishe mu. In na koma mota sai in cike, can na baro biro.”

Asabe ta ƙara jan hijabi bisa kumatun. In ta yi magana, wurin mai awartaki za a kai ta. In ta yi shiru, ga hanyar Gimbiya a buɗe. Bisa wannan kuma ga kunya ta danne mata harshe. Ta cikin haƙora ta ce, “Allah shi yi albarka.”

Suka ajiye mata tsarabar kilishi, suka yi sallama da wuri, don hanyar nan ba a son yamma ta riski mutum a kanta.

Da suka fita ta ɗebo ruwa a moɗa ta kurɓa. Ruwan ya tsaya a maƙoshi. Ta yunƙura, ya wuce da ƙyar, kamar ta haɗiyi ƙaya. Moɗa ta suɓuce mata. Haka Gimbiya ta yi a kwana na uku, da irin wannan kallon na neman ceto. A waje ta ji an tayar da mota.

Ba takalmi ta ratsa zaure.

“Rahama! Ke Rahama!”

Mota ta tsaya. Asabe ta zagaya gefen surukarta, ba ta ko dubi ɗan ba, alhali ga shi nan riƙe da sitiyari. Ta yaye hijabin.

“Innalillahi! Inna, tun yaushe?”

“Ke dai hwaɗa ma mijinki, wanga na haƙori shi za shi sa.”

Kamaluddeen ya leƙo, ya ga kumatun, fuskarsa ta sauya, don shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Gimbiya. Daga nan shi ma ya juya ga matarsa.

“Hwaɗa mata na ji. Ko katin inshorar ya soma aiki ko bai soma ba, yau likita zai gan ta. Ta shigo.”

Asabe ta ja da baya taku ɗaya. “Tambaye shi, su ma na asibiti da awartaki suka cirewa?”

“Ce mata allura suka soma yi, wurin shi mutu. Ba ta jin komi.”

“Shi ya taɓa gani, ko labari ne?”

“Nawa guda biyu aka cire, Inna,” ya ce a hankali, wannan karon da ita kanta.

Ta sunkuyar da kai. Wata maƙwabciya ta miƙo mata takalma ta kulle gida. Asabe ta shiga baya, ta damƙe hannun Rahama har sai da yarinyar ta ce wash. Ya ɗora takardar bisa sitiyari ya yi alama da biro. Kafin ya ba mota wuta, Asabe ta matso kusa da kunnen surukarta.

“Ke da kin iya boko, duba mani. Babban ya sa?”

Rahama ta karɓi takardar ta duba. “Shi ne, Inna.”

“To mu tahi, tun ban sauya ba.”