Bugu Na Goma Sha Biyu

"Kwana tara ke nan Gaji ta ƙwace min ciniki, tana sayar wa masu motar Ajingi ƙosai ni ina barci, kai kuma ka zauna kana ɓarar gyaɗa kamar ba kai ka kashe ni ba!"

"Ga ki kuwa a tsaye, tsohuwa," in ji Gambo. "Gawa ba ta zuwa da sanda."

Hajo ta ɗaga sandar, ya kauce. Ƙanwar kakansa ce, don haka tun yana goye ta mai da shi miji. Ita Musulma ce, aure ya kai ta tsallaken hanya shekara hamsin da suka wuce. Shi kuwa ɗan gidajen Kirista bakwai ne na wannan unguwa da ke bayan Balan.

Abin da ya haɗa su faɗa wani tsohon wilin tifa ne da ke rataye a darbejiyar ƙofar coci. Shi ne ƙararrawa. Mahaifin Gambo ya shekara talatin yana buga shi ƙarfe shida na safe don addu'a, bugu goma sha biyu, ɗaya don kowane manzo. Da ya rasu, Gambo ya gaji guntun rodin da ake bugun da shi. Ashe ba Kirista kaɗai ke jira ba. Hajo in ta idar da asuba sai ta koma ta kishingiɗa. Bugun farko ke buɗe mata ido, na goma sha biyu ke sauko da ƙafarta ƙasa, ta ɗora mai a wuta.

"Maigida, hannun ne ya karye?"

"Ba na jin komai ne."

"Kunne? Zo in ba ka man da nake ɗigawa."

"A nan." Ya dafa ƙirji.

Bai san ranar da abin ya fara ba. Ba wanda ya mutu, gona ba ta ƙi ba. Da can in aka ɗauko waƙa har gashin jikinsa ke tashi. Yanzu yana rera ta kamar mai tauna dusa. In ya durƙusa, addu'ar ta tashi ta bugi kwanon rufi ta dawo masa. Fasto, da ke zuwa daga Gaya a babur duk bayan mako biyu, ya ce ya yi azumin kwana uku. Ya yi. Yunwa ya samu.

"Ta yaya zan kira mutane wurin da ni na je ban tarar da kowa ba?" ya ce. "Ran Lahadi zan miƙa wa Fasto rodin."

"Rodin ubanka?"

"Ƙarfe ne."

Hajo ta zauna kan turmi, ta ja faifan gyaɗarsa gabanta, ta fara ci.

"Bana ka yi binne?"

"Na yi."

"Da ka zuba geron a busasshiyar ƙasa, hadari ka gani?"

"Rabinsa zabinki suka tone."

"To, zabi ma bayin Allah ne."

"Tsohuwa, wa'azi kika zo yi min?"

"Allah Ya sawwaƙe! Kowa da alƙiblarsa. Ni in ka ga dama ku yi ta gaba da Ubangijinka har kaka, ba mai shiga tsakaninku. Amma ƙosaina me ya yi maka? Gobe in ban ji ƙarfen nan ba, ka ba ni takardata, in je in auri Fasto. Shi ko ba komai yana da babur."

Ta ƙulle sauran gyaɗar a bakin zani ta tafi.

Washegari ya fito da rodin a hannu, yana gaya wa kansa don ƙosan Hajo zai yi, ba don kowa ba. Raɓa ta jiƙa wilin. Ya buga na farko, tsuntsaye suka watse daga darbejiya. Ya saurari ƙirjinsa. Shiru. Ya ci gaba, yana kiran sunayen a zuci yadda mahaifinsa ya koya masa: Bitrus, Andarawus, Yakubu. Innarsa Hansai ta fito tana ɗaura ɗankwali, wasu tsofaffi biyu suna biye da ita. Ba wadda ta tambaye shi ina ya shiga kwana tara. Suka gaishe shi, suka cire takalma, suka shige.

A na goma sha ɗaya ya tsaya. Ya tsallake sunan Toma, manzon da ya ce sai ya gani da idonsa. Wannan bugun nasa ne, ba zai yi ƙarya da shi ba. Ya jingine rodin ya shiga ya durƙusa a bencin baya. Addu'ar ta tashi ta bugi kwano kamar kullum.

Ana cikin waƙa ta biyu sai ga murya daga tsallaken hanya, har ta rufe ta Hansai.

"Maigida! Saura ɗaya! Ina kwance ina jira, bayana ya ƙage!"

Tsofaffin suka toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Gambo ya fita. Ya ɗauki rodin, ya tsaya gaban wilin da hannu a sama. Mace mai ɗiga mai a kunne, daga bayan katanga biyu, ta san an rage mata bugu ɗaya.

Hansai ta leƙo ta taga.

"Inna," ya ce, bai juyo ba, "in ita ta ƙirga, wa kuma ke ƙirgawa a can sama?"