Sefa Mai Kifi

Umara ya kai kuɗin aikin idon yayarsa har Kusiri, aka ce masa kuɗin ba sa ci a can. Ba jabu ba ne, ba kuma yagaggu ba. Sefa ce lafiyayya, sai dai ba ta wajen ba ce.

Yadi da atamfa yake sayarwa a Kasuwar Litinin ta Maiduguri, gidansa kuma yana unguwar Galtimari. Mutum ne mai hannu sake amma kansa kamar dutse, in ya yanke abu ko limamin unguwa ba ya juya shi. Shekarar da naira ta riƙa zubewa, 'yan Difa ta Nijar masu zuwa sari wurinsa sukan biya shi wani ɓangare da sefa. Da can yakan miƙa wa abokinsa Garzali, Bakano ɗan canji da ke zama a bakin ƙofar kasuwa, ya mayar masa naira. Sai kawai ya daina. Ya ji an ce sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta hawa ba ta sauka, shi kuwa yana da abin da yake tara wa.

"Babarbare, an kwana biyu ban ga sefarka ba," in ji Garzali wata rana. "Ko ka yi sabon aboki ne?"

"Na gaji da yi maka kiwon tumbi. Duk jaka sai ka gutsura."

"To me za ka yi da ita? Miya?"

"Ina ruwanka."

Da ya faɗa masa, da magana ta ƙare a nan. Amma bai faɗa ba.

Abin da yake tara wa shi ne idon Yaya Kaltum. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta sayar da awakinta ta ba shi jarin farko. A Gamboru take da zama. Ranar da yaran daji masu tayar da ƙayar baya suka shiga garin ta tsallaka gada zuwa Kamaru da zanen jikinta, ta ƙare a Kusiri gidan dangin marigayi mijinta. Can ciwon yanar ido ya rufe mata ido duka biyu. Sai aka aiko masa cewa wani likitan ido ya zo asibitin garin daga kudu, yana yin ido ɗaya, in ya huta ya yi ɗayan, kuma ba zai daɗe ba. Aka faɗa masa kuɗin. Ya duba abin da ya tara, ya ga ya kai har da ɗan saura. Sefa suke so, sefa gare shi.

Ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa ta Dikwa. Tafiya ce ta tsaya a duba ka, ka sauko ka ɗaga riga, ka hau, a sake tsayawa. Ya isa a gajiye, ya tarar da ita zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa da lalube.

"Wushe, Yaya," ya gaishe ta da Barbarci.

Ta ɗaga kai wajen da ba nan yake ba. "Umara ne? Matso in ji." Ta shafa fuskarsa, ta gangaro ciki. "Kai, ka yi teɓa. Ashe yaƙin bai zo Galtimari ba."

"Ya zo, Yaya. Tuwon matata Rahmat ne ya fi ƙarfinsa."

Washegari ya riƙo hannunta suka je asibiti. Mai karɓar kuɗi wata mata ce, Rose, Hausarta a karye amma ana ganewa. Ya zaro ƙunshin daga aljihun ciki ya ajiye mata da ƙarfin gwiwa. Ta ɗauki takarda ɗaya, ta juya, ta turo masa duka.

"Baba, wannan ba namu ba."

"Ba sefa ba ce?"

"Sefa ne. Na yamma. Na Nijar, na Sanagal." Ta buɗe aljihun tebur ta fito da tasu ta ajiye gefen tasa. "Duba. Namu akwai fuskar mutum. Naka kifi."

Ya duba. Gaskiya ne, ga wani kifi mai dogon baki a jikin tasa. Shekara da shekaru yana karɓarta bai taɓa kula ba.

"'Yata, jaka goma ce wannan, jaka goma ce waccan. Ƙimarsu ba ɗaya ba?"

"Ɗaya. Amma banki biyu. Naka Dakar, namu Yawunde. Idan na karɓa, gobe ni zan biya."

Ya yi ta magana, ya kawo Allah ya kawo Annabi, har ya ce a kira masa babbansu. Kaltum ta ja hannun rigarsa. "Bar yarinyar mutane. Ba ita ta buga kuɗin ba."

Ya zaunar da ita a inuwa ya nufi kasuwa wajen 'yan canji. Na farko ya ƙi taɓawa. Na biyu wani dattijo ne Bahaushe, ya karɓa ya jujjuya, ya faɗi abin da zai bayar. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya zaftare.

"Wannan ai fashi ne, Alhaji."

"Zauna ka ji, ɗan'uwa. In na karɓi mai kifi, ina zan kai ta? Banki a nan ba ya so. Sai na jira mai zuwa Nijar, hanyar tafkin Chadi kuma ka fi ni sanin halin da take ciki. Ga shi tun da man fetur ya faɗi ƙasashen nan namu kuɗi ya yi wuya, can tsallaken ruwa a Chadi har albashi an yanke. Wanda ke riƙe da tamu ba ya sakinta da arha."

"Kuɗi sunansu ɗaya, ubangidansu ɗaya, a ce ba sa gaisawa?"

"Haka muka tarar."

Ya koma gefe ya kira Garzali. Da ya gama bayani sai ya ji dariya ƙasa-ƙasa.

"Mai kifi ka kai Kamaru? Haba Umara. Ko yaron shagona..." Sai ya katse kansa. "Yaya jikin Yaya?"

"Tana zaune tana jirana."

"Ina da tasu a nan. Zan ba direba, ba sai ka biya ni komai a kai ba. Amma ka san sai sojoji sun ce a tashi."

Ya tambaya a tasha, aka ce ayari na gaba ba zai iso ba sai likita ya tafi. Ya koma wurin dattijon ya canza. Ya haɗa da 'yar nairar da ke jikinsa, wadda ita ma a can ba ta da wata daraja, ya sayar da agogonsa. Duk da haka, bayan an cire magani, kuɗin ido ɗaya ne suka tsaya.

Da ya dawo bai iya zama kusa da ita ba. Ya tsuguna nesa kaɗan ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"To," ta ce. "Na dama za a yi. Shi ne mai hankali tun asali."

"Yaya, laifina ne. Da na tambaya..."

"Yaushe ka taɓa tambaya? Kana ƙarami ma sai ka ɓata a kasuwa ka ƙi cewa ka ɓata. Tashi ka kai wa yarinyar nan kuɗinta kafin ta rufe."

Aka yi aikin, aka dace. Ranar da aka cire audugar yana tsaye a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta daɗe tana kallonsa.

"Furfura," ta ce. "Wa ya ba ka izinin yin furfura ina raye?"

Ya yi dariya, ya juya baya yana goge fuska da hula.

Kuɗin Garzali sun iso bayan likita ya tafi. Umara ya bar su a hannun dangi, ya ce da zarar likitan ya dawo a yi na hagun. Bai dawo ba. Rose ta ce gwamnati ta rage wa asibitoci kuɗi, an dakatar da kawo likitoci daga kudu, sai abin da hali ya yi. Da hanya ta ɗan yi sauƙi Umara ya je ya ɗauko yayarsa ya kawo ta Maiduguri, ya kai ta wurin masu ido. Suka haska, suka ce yanar ta daɗe har ta jawo wani ciwon a bayanta, jijiyar ta mutu, ko an yi aiki ba abin da za ta gani.

Yanzu tana Galtimari, a ɗakin da ke kallon ƙofar gida. A karkace take zama don na daman ya riƙa ganin mai shigowa. 'Ya'yan Umara sun gane, in sun yi ɓarna sai su bi ta hagunta su wuce. Shi kuwa in ya dawo daga kasuwa, ta dama yake zagayowa ya durƙusa ya gaishe ta, ta kalle shi sama da ƙasa ta ce ya sake yin ƙiba. Na hagun yana nan fari fat, bai ƙara ganin komai ba.