Doguwar Addu'ar Matar Kafinta

Matar kafinta ba ta iya gajeriyar addu'a ba. Ko a gida, in aka ba ta addu'ar cin abinci, sai miya ta huce, yara sun fara lasar cokali a ɓoye. Mijinta ya daɗe da haƙura. Shi da kansa yake rufe tukunya kafin ta rufe ido.

Da ƙodar autarta ta ƙi aiki, aka kwantar da yarinyar a ɗakin yara na asibiti, fuska a kumbure, ƙafafu kamar an hura. Uwar ta taho da bargo da fulas da kuma halinta. Kowace safiya likita na gama zagayensa, sai ita ma ta fara nata. Gado-gado take bi, ta dafa ƙarfen, ta sunkuyar da kai. Ba ta tambayar addinin kowa, ba kuma wanda ya hana ta, don uwar da ɗanta ke kwance ba ta tsaya zaɓen bakin da zai yi masa addu'a. Yaron da ya karye a ƙafa, ta yi masa 'yar kaɗan ta wuce. Wanda jikinsa ya yi tsanani kuwa, nan take shantakewa har ƙafarta ta yi tsami.

Sai dai masu jinya ba su da aiki sai kallo, kuma abin da ido ya gani baki ba ya barinsa ya kwana. Wata safiya ta doshi gadon wani yaro, sai uwarsa ta ja labule wai ana canza masa kaya. Na gaba aka ce barci yake yi, alhali ga idonsa nan tar. Da ta isa wurin wata tsohuwa mai jinyar jikanta, wadda duk ɗakin ke kira Kaka, sai tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"'Yata, ba faɗa ba ne. In za ki yi wa nawa, ki taƙaita."

"Don me, Kaka?"

"Yaron bakin taga, kin daɗe a kansa. Washegari aka naɗe katifarsa. Yarinyar nan mai roba a hanci, ita ma haka. Ni ban ce komai ba, mutane ne ke faɗa."

"Ai don jikinsu ya yi tsanani ne na daɗe."

"Haka ne. Nawa dai ki taƙaita."

Da yamma mijin ya zo da ƙurar katako a gashinsa, ta ba shi labari a baranda, rai a ɓace. Ya gama saurara, ya ce, "Ni ma duk wanda na auna wa akwatin gawa ba ya tashi. Har yau ba wanda ya ce ni na kashe shi." Ta yi dariya. Ta san abin da matan ɗakin ke faɗa zancen banza ne, ta kuma san Ubangiji ba ya riƙe agogo.

Amma zancen banza ƙaya gare shi, in ya shiga ƙafa ba ya tambayar ko mai ƙafar na da hankali. Satin da ya biyo, jikin Auta ya rikice. Fitsari ya ɗauke, numfashi ya yi nauyi, aka mayar da gadonta kusa da teburin Sista, babbar nas ɗin ɗakin, inda kowa ya san irin waɗanda ake ajiyewa. Uwar ta durƙusa za ta yi abin da ta fi iyawa a duniya, sai ta ji bakinta ya ce, "Ubangiji, ga ta nan. Amin." Ta miƙe da sauri kamar wadda ta taka garwashi.

Haka ta dinga yi. Kunya ta ishe ta, ta ji haushin kanta, amma tsoro ya fi su duka ƙarfi. Ranar da fasto ya zo dubiya da matan coci, ya gyara murya ya ɗaga hannu, shi ma ba baya ba ne wajen jan zance, sai ta tare shi ta ce Sista ta hana hayaniya. Sista tana zaune tana jin ta, ta ci gaba da rubutunta. Fasto ya sa albarka a taƙaice, aka ajiye lemo aka tafi.

Wata rana da la'asar, ɗakin ya yi shiru sai ƙarar fanka, uwar tana goge wa Auta wuya da tsumma mai sanyi.

"Mama."

"Na'am, Autata."

"Yi mini doguwar."

"Doguwar me?"

"Irin wadda kika yi wa yaron bakin taga."

Hannun uwar ya tsaya. "Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

"Kowa ya sani. In kin yi, ciwon yana dainawa." Yarinyar ta huta, ta nemo sauran numfashinta. "Na gaji, Mama."

Uwar ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. In ta ƙi, ta yarda ke nan a gaban 'yarta cewa addu'arta kisa take yi. In ta yi, ga abin da yarinyar ke roƙo. Ta dubi Kaka, Kaka ta kawar da kai tana gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi.

Sai ta ajiye tsumman, ta durƙusa. Abu ɗaya ta riƙe: duk yaran da aka fitar, bayan ta gama ne aka fitar da su. Ba a taɓa ɗaukar kowa tana tsakiyar magana ba.

Ta roƙa wa Auta ƙoda, ta roƙa mata fitsari, ta roƙa mata barci. Ta koma kan likita da Sista da mai shara. Ta bi gadajen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har da masu jan labule. Da suka ƙare ta shiga dangin mijinta, har da waɗanda ba sa ga-maciji da ita. Sista ta zo da allura, ta zagaye ta, ta yi aikinta ta koma. Aka kawo abinci, ya huce. Mijin ya iso, ya tsaya a ƙafar gado, ya cire hularsa.

Can Auta ta motsa.

"Mama, kin kusa gamawa?"

Uwar ba ta buɗe ido ba. Muryarta ta riga ta dushe.

"Da sauran mutane da yawa. Jira ni."